Ana fafe gora ranar tafiya a sashen bayoloji

Kusan kowace jami'a da na sani tana da irin shagon nan a bakin ƙofarta: kwamfuta biyu ko uku, injin fotokwafi, janareta yana ƙugi a baya, takardu a tule har rufi. Idan zangon ƙarshe ya kama, can za ka ga 'yan ajin ƙarshe na bayoloji da maikirobayoloji da botani sun yi dafifi. Ɗalibi zai miƙa 'yar takarda mai ɗauke da taken furojek ɗinsa, mai shago ya duba, ya yi tambaya ɗaya tak: "Wane ganye aka ba ka?" In aka ce zogale, akwai. In aka ce darbejiya, akwai. In kuma sabara ce ko marke ko bagaruwa, ba matsala, sai a buɗe na zogalen a sauya suna daga babi na ɗaya har na biyar. Ƙwayoyin cutar da aka gwada su ne dai na bara, teburin sakamako shi ne dai na bara, an ɗan motsa lambobi don kada abin ya yi yawa. Bayan mako biyu an ɗinke kundi da bango mai kauri da rubutun ruwan zinare.

Ni ban sayi nawa ba, kuma na daɗe ina alfahari da hakan. Sai daga baya na yarda cewa abin da na yi bai fi saye da wani abin kirki ba.

Ganyen darbejiya aka ba ni. Na tsinko, na shanya a inuwa, na daka a turmin gidanmu har mahaifiyata ta yi kwana uku tana mitar ɗaci a yajinta. Na jiƙa garin a sinadari, na tace. A ɗakin gwaji aka nuna mini yadda ake zuba abincin ƙwayoyin cuta a faranti, a shafa ƙwayoyin a kai, a huda ramuka, a ɗiga ruwan ganyen a wasu, a ɗiga maganin asibiti a ɗaya don kwatance, sannan a sa a inkubeta ya kwana a zafin digiri 37. Washegari sai ka ɗauko rula ka auna faɗin da'irar da ta yi fes a kewayen kowane rami, wato inda ƙwayoyin suka kasa tsiro. Karon farko wuta ta ɗauke, farantan suka yi funfuna, aka zubar. Karo na biyu komai ya tafi daidai. Ramin maganin asibiti ya yi da'ira mai faɗi kamar an zana da kwamfas. Ramukan darbejiyata kuwa, a farantin E. coli, wata ƙwayar cuta ta hanji, ko alama. Ƙwayoyin sun tsiro har bakin rami, kamar ruwan randa na ɗiga musu.

Na tsaya riƙe da faranti, kuɗin sinadarai sun ƙare, ranar miƙa kundi saura kwana goma sha. Wani abokin karatuna ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai ma dai da neman wahala. Sa goma, sha biyu, sha huɗu. Wa zai duba?" Na sa. Kuma gaskiyarsa, babu wanda ya duba. A ranar difens tambayoyin da aka yi mini a kan tazarar layi ne, da yadda na jera sunayen marubuta a ƙarshe, da wani waƙafi da na manta.

Shekaru bayan haka na karanta cewa E. coli da danginta suna da wani ƙarin bango a waje da ke hana abubuwa da yawa shiga, shi ya sa ruwan ganyaye da dama ba ya yi musu komai a faranti. Na kuma gane cewa wasu sinadaran ganye ba sa iya ratsa abincin farantin su bazu, ko da suna da ƙarfi. Ashe farantin nan da ya ba ni kunya shi ne kaɗai abin gaskiya da na gano a shekara huɗu, kuma da na san abin yi da shi, da ya buɗe mini tambayoyi uku ko huɗu masu kyau. Na goge shi da biro don babu wanda ya taɓa gaya mini cewa "bai yi aiki ba" ma sakamako ne, kuma ana cin jarrabawa da shi.

Abin da nake so in ce ke nan a wannan rubutu. Mun ajiye koyon bincike sai zangon ƙarshe, bayan mun shafe shekara uku da rabi muna horar da ɗalibi a kan kishiyarsa. Tun daga ajin farko abin da ya sani shi ne handawut: a ba shi, ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Wanda ya dawo wa malami da kalmominsa daidai wa daida shi ne mai A. Wanda ya karanto wani littafi ya kawo bayani dabam yana iya gamuwa da jan biro. Furaktikal kuma, inda ake yinsa, mutum ashirin ne a kan madubin ƙara girma ɗaya, kowa ya zana abin da ke cikin littafi ko da bai gan shi a madubin ba. Sai rana ɗaya a kafe takarda a allon sanarwa, ga sunanka, ga sufabaiza, ga take, je ka yi bincike. Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shagon bakin ƙofa bai ƙirƙiro matsalar ba, kasuwa ya gani ya baza kaya.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ajin bayoloji ba shi suka nema ba. Likitanci suka cike, ko haɗa magunguna, maki bai kai ba aka turo su nan. Sukan shiga da ɓacin rai, suna jiran su sake JAMB ko su samu canjin sashe. Irin wannan ɗalibi, in ba a sa wani abu mai rai a hannunsa da wuri ba, wanda zai sa ya ji cewa fannin nan ma yana da daɗinsa, to zai yi shekara huɗu yana zaman jiran mota.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce babu kayan aiki. Gaskiya ne, kuma zan dawo kanta. Amma na ga abin da ya sa na daina karɓarta a matsayin amsar duka.

A yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, 'yar yayata tana aji biyu a bayoloji, tana zaune a gida ba abin yi sai waya. Gidan kuwa ana wata gardama da ta daɗe. Yayata ta rantse da barkono: in ka zuba busasshen barkono a wake, ƙwari ba za su taɓa shi ba. Maƙwabciyarta ta ce toka ce magani. Maigidan ya ce duk zance ne, a zuba a jarka a toshe kawai. Wata rana da na je gaisuwa na tarar ana yi, sai na juya na ce wa yarinyar, "Ke da kike karanta ilimin halittu, raba mana gardama mana." Ta ce, "Kawu, ai ba a koya mana wannan ba tukuna." Na ce, "'Yata, ba za a taɓa koya miki ba. Nemo kwalabe."

Ta tara kwalaben Bama goma sha biyu. Kowace ta ƙirga mata wake ɗari, ta sa ƙwari goma da ta tsinto daga wani tsohon buhu. Uku ta zuba musu toka, uku barkono, uku ta rufe da murfi ta bi bakin da kyandir, ukun ƙarshe ba ta sa musu komai ba, ta dai ɗaure bakinsu da ƙyalle. A kan waɗannan ukun ƙarshe muka fara jayayya. Ta ce ɓarnar wake ce, ai kowa ya san za su huje. Na ce in ba ki san yadda za su huje ba tare da magani ba, da me za ki auna maganin? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Au, wannan ne kwantirol ɗin da ake faɗa?" Ta rubuta ma'anar kalmar a jarrabawa tun ajin farko, ta ci makinta. Ranar ce ta fara sanin amfaninta. Tambayar me ya sa uku-uku, ba ɗaya-ɗaya ba, ita ta amsa wa kanta: kwalba ɗaya tana iya yin abin da ta ga dama.

Daɗin labarin yana wajen kurakuran. Ƙwaron wake yana manna ƙwansa ne a jikin ƙwayar, ɗan fari-fari kamar ɗigon gishiri. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma a can, bayan mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito a matsayin ƙwaro ta wannan zagayayyen ramin da muka sani. To waken da ta saya a kasuwa ashe ya zo da ƙwansa da tsutsarsa, don haka tun ba a je ko'ina ba ƙirgen ya rikice. Ta zubar, ta sake, wannan karon ta fara kai waken firizar maƙwabta ya yi kwanaki, ta kuma duba kowace ƙwaya a hasken rana. Zagaye na biyu, kwalba ɗaya cikin ukun da ba a sa wa komai ba ta ƙi yin ƙwari sosai, 'yan'uwanta biyu kuwa sun cika. Ta kira ni a waya ranta a ɓace, wai aikin ya lalace. Na ce me kike zato? Kwana biyu bayan nan ta turo saƙo: "Kawu, ban duba maza da mata ba. Wataƙila na tara maza a kwalbar." Ta shiga intanet ta nemo yadda ake bambance su ta girma da zanen baya. Ban koya mata wannan ba, don ni ma ban sani ba.

Babban abin mamakin shi ne kwalaben da aka toshe. Ta sa ran ƙwarin za su mutu nan da nan, sai ga shi sun yi ƙwai, 'ya'yan sun fito, wake ya huje. Maigidan ya ce ba ta toshe da kyau ba ne. Ta ƙi yarda, ta koma karatu, har ta kai ga bayanin buhunan PICS, masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, waɗanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar, aka kuma fara yaɗa su a ƙasashenmu daga 2007. Nan ta gane sirrin: ƙwarin ne da kansu suke shanye iskar da ke ciki har ta ƙare, su daina ci, su bushe su mutu. Wake ɗari a ƙasan kwalba, sama duk iska, ai an bar musu guzurin da zai kai su. Jarkar maigida tana aiki ne idan an cika ta har wuya. Ta sake gwadawa da ƙananan kwalabe cike taf, abin ya bambanta.

Duk kuɗin da aka kashe bai kai na katin waya na wata ɗaya ba. Amma a cikin littafi mai fefa arba'in yarinyar nan ta koyi taƙaita tambaya har ta zama abin da za a iya ƙirgawa, ta koyi ajiye abin kwatance, da maimaitawa, da rubuta kwanan wata da abin da ta gani kafin ta rubuta abin da take zato, da zargin kanta kafin ta zargi wake. Ta koyi zuwa karatu da tambaya a hannu, wanda ya sha bamban da karatun jarrabawa. Waɗannan su ne sana'ar. Injin da ke karanta ƙwayoyin gado na DNA yana da muhimmanci, amma wanda bai iya waɗannan ba, ko an ba shi injin, goma da sha biyu da sha huɗu zai rubuta.

Mendel, wanda muke haddace dokokinsa na gado tun sakandare, a lambun gidan ibada ya yi aikinsa, da tsiron wake irin na Turawa, da haƙurin ƙirga dubban tsirrai shekara da shekaru kafin ya wallafa a 1866. Muna koya wa yara uku-bisa-ɗayansa, wato yadda jikokin tsirransa uku ke ɗauko wata siffa, ɗaya ya ɗauko kishiyarta, ba ma koya musu yadda ya kai gare ta. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, samfuri na 191 ne ya yi mata aiki, bayan ta gane daga wani tsohon rubutun likitancin ƙasarsu cewa tafasawa ce ke kashe ƙarfin ganyen da take gwadawa. Da a sashenmu take, da samfurin farko ya "nuna gagarumin tasiri", an ɗinke kundi, an wuce wurin.

Kuma ba tambayoyi muka rasa ba. Mun fi kowa su. Wuta-wuta tana cinye dawa da gero da masara a gonakinmu, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubatar iri ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba sa tsirowa sai sun ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ofishin Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, sun daɗe a kanta, amma wane ɗalibi ne aka tura ya ƙirga ta a gonaki goma na ƙauyensu, ya kwatanta wadda aka sa wa taki da wadda ba a sa wa ba, wadda aka haɗa da wake ko gyaɗa da wadda aka bari zalla? Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke zuwa da janyewa, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa. Yaran da ke wanka a kududdufai da magudanan noman rani suna fitsarin jini, tsargiya, kuma katantanwar da ke ɗauke da cutar tana nan manne a ganyen bado, ana iya tsinto ta da rariya a ƙirga wata-wata. A 2016 tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta share gonakin tumatir a Kaduna da Kano. A 2020 an gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya a jihar Gombe, mai son hayayyafa a tankuna da randunan cikin gari, a ƙasar da ta riga ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Kowane ɗalibi yana da tanki ko randa a gidansu. Duk da haka zogale dai, darbejiya dai, kowace shekara.

Labarin da na fi so a wannan fanni daga Maraɗi yake. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa a kudancin Nijar, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya ya dubi 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke sassabewa kafin shuka, ya lura cewa tohon kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su. Manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauka, suka gyara ta yadda ta dace da su, suka koya wa juna, har aka kiyasta fili kimanin hekta miliyan biyar ya sake yin itatuwa. Kuma ilimin gawo, cewa yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi wa ƙasa taki, kakanninmu sun riga kowa saninsa. Ido ne da tsayawa a duba. Ɗalibinmu yana iya zana sassan fure da sunayensu na Latin, amma ka fita da shi bayan hostel ka nuna masa itatuwa biyar, da wuya ya kawo sunan uku, ko da Hausa.

Wannan ya kawo ni kan karatu, don bincike rabinsa karatu ne. Babi na biyu, inda ya kamata ɗalibi ya nuna abin da magabata suka gano da inda suka saɓa, ya zama wurin jibge sakin layi da aka kwaso daga tsofaffin kundaye. Za ka ga an ambaci marubuci da shekara, ɗalibin bai taɓa ganin takardar ba, wanda ya kwafa daga gare shi ma bai gani ba. Yanzu ga ChatGPT, wanda zai iya ƙirƙiro maka sunan marubuci da mujalla da shekara da lambar shafi, duk babu su a duniya. Ban ce a haramta shi ba, ni ma ina amfani da shi. Amma wanda bai taɓa buɗe takardar bincike ta asali ya bi ta daga hanyar aiki zuwa teburi ba, ba shi da abin da zai gane ƙarya da shi. Alhali PubMed, rumbun neman takardun binciken lafiya da ilimin halittu a intanet, kyauta ne, shafin AJOL cike yake da mujallun Afirka, akwai kuma shirin Hinari da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin namu mujallu masu tsada. Ɗalibai nawa aka taɓa zaunar da su awa ɗaya aka nuna musu? Tun 1916 wani likitan Turawan mulki, Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa da takwarorinsu na kimiyya, yana tambayar mutanen karkara yana rubutawa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana busassun tsirrai inda ake kai samfuri a tantance shi a ba shi lamba. Suna ɗaya na Hausa yana iya nufin tsiro dabam a Sakkwato da Bauchi, don haka wanda bai tantance ganyensa ba bai ma san me ya gwada ba.

Wasu kan ce karatun kai-da-kai ba al'adarmu ba ce, yaranmu sai an tsaya a kansu. Ban yarda ba. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, da inda ya tsaya jiya. Ya yi muɗala'a da dare, ya zo ya karanta, malam ya fassara ya gyara, ya koma ya yi bita shi kaɗai. Babu mai kiran suna, babu mai tilasta shi, kuma mutum yakan bar garinsu ya tafi wani gari don littafi ɗaya. Wannan ɗabi'ar muna da ita. Abin da kimiyya ta ƙara a kai shi ne, bayan ka ji daga malami ka kuma gani a littafi, ka je ka tambayi waken da kansa.

Yanzu bari in yi wa malamai adalci, don ina da abokai a cikinsu kuma na san abin da suke ciki. Mutum ɗaya yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ya yi makin takardunsu, ga 'yan furojek fiye da ashirin a wuyansa, ga na digiri na biyu, ga albashin da ba ya kai wata. Yajin aikin 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas, in aka dawo sai a matse zango a yi ta gudu. Sinadarai ɗalibi ke saye da kuɗinsa. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji mai sabon gini na tarar da injina masu tsada a lulluɓe da leda, ba wuta, ba wanda aka horar ya kunna su. A irin wannan hali, ba wa ɗalibai ashirin take iri ɗaya da ganye dabam-dabam dabarar tsira ce. Na fahimta. Akwai kuma masu cewa sai an ƙoshi da tushe kafin a yi bincike, kuma suna da rabin gaskiya: babu yadda za a yi bayoloji ba tare da haddace abubuwa da yawa ba. Sai dai na ga yadda kalmar kwantirol ta zauna a kan yarinyar nan ranar da ta buƙace ta, bayan shekara guda tana ɗauke da ita kamar kayan aro.

Kuma ƙarancin kuɗin ne ma ya sa nake ganin a sauya. Manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ga fili nan. A sa ɗan ƙaramin bincike a kowace shekara tun daga ajin farko, na mako huɗu ko shida, rukuni na mutum biyar, tambayar da za a amsa da kwalba da rula da ma'auni da waya. 'Yan digiri na biyu su duba su, su ma su koyi duba aiki. A ba littafin rubutun yau da kullum maki fiye da rahoton da aka buga, da gogensa da dattinsa da kwanan watansa, ko da rabinsa da Hausa aka rubuta, don wannan ne mai shago ba zai iya sayarwa ba. Ranar difens a ce kawo hotunan farantanka da lambobin farko, a tambaye shi me ya lalace da me ya yi a kai. Shugaban sashe ya tashi a gaban 'yan aji ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya kawo "ban ga bambanci ba" da hujja zai iya samun A. Sashe kuma ya zaɓi kududdufi ɗaya ko gona ɗaya ko unguwa ɗaya, kowane aji ya auna abu ɗaya a wurin ya bar wa na baya. Cikin shekara goma sashen yana da bayanan da babu mai irinsu. Masu nazarin tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke Jos sun nuna ana iya irin wannan: da 'yan sa-kai da wayoyinsu suke tattara taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma akwai matasan arewa a cikinsu.

Ga ɗalibin da ke karanta wannan kuwa, ba sai ya jira majalisar jami'a ta zauna ba, don tana iya daɗewa. Littafi mai fefa arba'in da tambaya ɗaya daga gidansu sun isa farawa, sai takardar bincike ɗaya a mako, a karanta ta har teburin, ko da rabinta bai shiga ba a karon farko.

Da 'yar yayata ta kai ajin ƙarshe, aka kafe takarda, ta duba: ruwan ganye, ƙwayoyin cuta biyu. Ta ɗauki tsohon littafinta ta kai wa sufabaizanta tana ɗari-ɗari. Ta ce ya daɗe yana juya shafukan, ya tsaya a inda ta rubuta da jan biro cewa ba ta duba maza da mata ba, ya yi dariya. Ya ce take an riga an miƙa wa sashe, ganyen ba zai sauyu ba, amma ta bar ƙwayoyin cutar ta gwada garin ganyen a kan ƙwarinta, da sharaɗin kwalba biyar-biyar maimakon uku, kuma ta kawo masa su ya gani da idonsa kowane mako biyu. Ta yi ta jigilar kwalabe a kwali cikin A Daidaita Sahu har zango ya ƙare.

Gardamar gida kuwa ba ta mutu ba. A kwalabenta toka ta rage ɓarna idan an zuba da yawa har ta rufe waken, barkono bai yi abin da ake faɗa ba. Yayata ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce barkonon kasuwa ne ba shi da yaji, na da ba haka yake ba. Har yau tana zuba shi a wakenta. Sai dai yanzu takan cika jarkar har wuya kafin ta toshe.